Babi na Shida: Mita 400 a Ƙasar Jigawa

Daga Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 120 ce, ta Kornaka. Yaro mai ƙarfin ƙirji da aka haifa a wani ƙauye na kwarin Tarka yana da hanyar da za ta kai shi can, har ma ta wuce da shi, kuma an share masa ita tun kafin a haife shi. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai a kafa kokowa a dandali. In ya kayar da sa'o'insa, makaɗa su ɗauki sunansa zuwa ƙauyen gaba. Daga nan sai zaɓen gunduma, sai na jaha, sai ya tsinci kansa cikin mutum 10 da Maraɗi za ta tura neman Takobi, inda jihohi 8 na Nijar ke haɗa 'yan kokowa 80 a gari guda, ƙasa duka ta kasa kunne a rediyo. Tun 1975 ake wannan, lokacin da aka yi gasar farko a Tawa zamanin Seyni Kountché, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu ya kawo wa Maraɗi takobin. Yau filin kokowar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso ke amsa sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. A ƙarshen 2023, a Agadas, Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6, kuma babu yaron da ke kiwon awaki a arewacin Dakoro da bai ji labarin ba.

To, ƙanen wannan yaron fa, wanda Allah ya ba shi ƙafa? Wanda in raƙumi ya tsinke shi ake turawa, wanda ke zuwa makaranta a guje daga rugarsu ya koma a guje? Shi babu wanda ya share masa hanya. Za a ce yana da gudu, a yi masa kirari, shi ke nan. Dalilin kuwa yana cikin yanayin wasan kansa. Kokowa ido ne alƙalinta: an ga wanda ya faɗi, magana ta ƙare, kuma da'irar yashi da buhunan ƙasa sun isa fili. Gudu kuwa sai da awo. Mutumin Yamai ba zai yarda cewa yaron Dakoro ya fi nasa sauri ba sai an gaya masa mita nawa ya yi cikin daƙiƙa nawa, a kan ƙasar da aka auna da ma'aunin da kowa ya amince da shi. Filin tsere shi ke mai da “wane yana da gudu” ya zama lamba da za a rubuta a takarda a aika ko'ina a duniya.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda filin yake, domin yawancinmu mun sha ganinsa a talabijin ba mu taɓa tambayar me ya sa aka yi shi haka ba. Zagaye ɗaya mita 400 ne. Akwai miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowane mita 84.39, sai lanƙwasa biyu masu siffar rabin da'ira, daga cibiyar kowace zuwa bakin ciki mita 36.5. Ba a kan bakin ake auna zagayen ba, sai an matsa santimita 30 cikin layin farko, wurin da ƙafar mai gudu ke sauka. In aka haɗa lissafin, 400 cif za a samu. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma filin manyan gasanni layi 8 yake da shi aƙalla. Tun da layin waje ya fi na ciki tsawo, a tseren mita 400 ba a jera 'yan wasa kafaɗa da kafaɗa: na layi na 2 ana matsar da shi gaba da kimanin mita 7, na layi na 8 kuma ya fi mita 53 a gaban na farko. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi son kai, alhali kowa tafiya ɗaya zai yi. A tsakiyar zagayen kuma filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 yake zaune daram, abin da ya sa wasannin biyu suka zama 'yan gida ɗaya. Bayan ragogi, cikin lanƙwasa, nan ake ajiye wurin tsallen sama, da da'irar jifan ƙarfe, da ramin ruwan tseren mita 3,000 mai shinge. Duka-duka wurin yana cin kusan mita 177 a tsaye da 93 a kwance.

Zaman gida ɗayan nan ba ya rasa tsegumi. 'Yan kallon ƙwallo ba sa son layukan tsere, domin suna nisanta su da wasa, kuma saboda haka manyan kulob na Turai da yawa suka bar irin waɗannan filaye. Bayern Munich ta tashi daga filin Olamfik na birninta a 2005 ta koma wanda ba shi da layi ko ɗaya. Kulob mai kuɗi yana iya yin haka. Makaranta ba ta iyawa, kuma ba ta buƙata. Da fili ɗaya za ta yi ƙwallo da yamma, tsere da asuba, jarrabawar motsa jiki a ƙarshen shekara, da bikin yaye ɗalibai. Shi ya sa a tarihin wasannin guje-guje, filayen da suka fi haifar da gwanaye sau da yawa na makarantu ne.

A ranar 6 ga Mayu 1954, wani ɗalibin likitanci mai suna Roger Bannister ya yi gudun mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4, abin da ba a taɓa rubuta wa wani ɗan Adam ba kafin shi. A filin Jami'ar Oxford da ke Iffley Road ya yi shi, a Ingila, a kan ƙasar da aka shimfiɗa da tokar kwal aka daddaɓe. A Amurka, Jami'ar Pennsylvania ta buɗe Franklin Field a 1895, kuma tun wannan shekarar take shirya gasar gudun ba-ni-in-ba-ka da ake kira Penn Relays, wadda makarantun Jamaika suka daɗe suna tura yaransu. Wanda ya fi su suna a yau shi ne Hayward Field na Jami'ar Oregon, da aka gina a 1919 don ƙwallon Amurkawa, daga baya ya koma gidan 'yan tsere. A nan Bill Bowerman ya yi shekaru yana horar da ɗalibai yana kuma ɗinka musu takalma da hannunsa, har shi da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka kafa kamfanin da ya zama Nike. An rushe filin aka sake gina shi, kuma a 2022 ya karɓi gasar duniya. A can Tobi Amusan ta Najeriya ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 mai shinge, daƙiƙa 12.12. Ita ma ta hanyar jami'a ta bi, ta Texas da ke El Paso. A wasan ƙarshe na wannan yini ta yi 12.06, amma ba a rubuta shi a matsayin sabon tarihi ba, saboda iskar da ke bayanta ta wuce mita 2 a daƙiƙa, iyakar da doka ta yarda. Duk wanda ya san iskar hunturu a Dakoro ya san wannan doka za ta yi aiki sosai a wurinmu, kuma dole mai zana fili ya duba inda iska ke fitowa kafin ya yanke wajen da za a yi tseren mita 100.

Me ya sa jami'a? Domin a wuri ɗaya ta tara abubuwan da mai gudu ke bukata waɗanda kulob ɗin unguwa ba ya iya tarawa. Matasa ne dubbai masu shekara 18 zuwa 25, daidai lokacin da jiki ke kan ganiyarsa, suna kwana kusa da filin. Akwai ɗakin cin abinci, akwai asibiti, akwai malamin da albashinsa ke zuwa ko an ci gasa ko ba a ci ba. Sama da duka, wanda ƙafarsa ta karye ko gudunsa bai kai ba yana fita da takardar shaida a hannu. Wannan na ƙarshe shi ne abin da zai sa uba a Dakoro ya saki ɗansa. Mahaifin da ya ƙi yarda yaro ya bar gona don buga ƙwallo yana da gaskiyarsa, domin ya ga waɗanda suka tafi suka dawo hannu rabbana. In aka ce masa karatu yaron zai yi, gudun kuma ƙari ne, amsar tasa za ta sauya.

Maƙwabtanmu na kudu sun gane haka da wuri. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, kuma a 1966 jami'o'in Najeriya suka yi gasarsu ta farko ta NUGA a Ibadan, suka riƙa zagayawa da ita daga wannan jami'a zuwa waccan. Amfanin zagayawar shi ne duk wadda za ta karɓi baƙi sai ta gyara filinta, in baƙi sun tafi filin ya zauna wa ɗalibai. Sardauna Ahmadu Bello kansa a Kwalejin Katsina ya koyi wasan fayis, bai kuma daina buga shi ba har yana Firimiya.

A Nijar gini ya fi karkata ga babban birni da manyan bukukuwa. Sin ta gina filin Janar Seyni Kountché a Yamai, aka buɗe shi a 1989, mai ɗaukar kimanin mutum 35,000, da layukan tsere kewaye da ciyawa. A Disamban 2005 ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na 5, kuma kokowar gargajiya na cikin wasannin da aka fafata. Akwai zaren da ya ɗaure wannan biki da Maraɗi. Ƙungiyar da ta haifi waɗannan wasanni a Yamai aka kafa tushenta, ranar 20 ga Maris 1970, kuma daga 1974 zuwa 1982 ɗan Maraɗi ne ya shugabance ta, masanin kimiyya, tsohon ministan ilimi na zamanin Diori Hamani, wato Ɗan Dikko Ɗankulodo. Sunansa jami'ar Maraɗi take amsawa, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Tawa da ta Damagaram. Ita ce jami'ar da ta fi kusa da ɗan Dakoro.

Maraɗi ta ga nata rabon na bukukuwa. A 2015 aka yi Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba da ke zagaya jihohi yana barin gine-gine a bayansa. A Fabrairun 2019 kuma filin ƙwallon garin, gidan ƙungiyoyin Ɗan Kasawa da Jangwarzo, ya raba wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 da Yamai. Senegal da Mali da Ghana da Burkina Faso suka buga a Maraɗi, kuma biyu daga cikinsu ne suka kai wasan ƙarshe, Mali ta ɗauki kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Abin alfahari ne, ba na rage masa komai. Sai dai shekaru kaɗan bayan haka, hukumar ƙwallon Afirka ta ce babban filin Yamai bai cika sharuɗɗanta ba, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasa, ta koma karɓar baƙi a gidan wasu: Tanzaniya a Kwatano a 2022, Aljeriya a Tunisiya a 2023. Ginin da aka yi don biki yana tsufa da sauri in ba a tanadi kuɗin kula da shi ba. Nijar ta taɓa lambar Olamfik sau biyu, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taikwando a 2016, kuma duka biyun wasanni ne da ɗaki guda da malami guda ke isar su. A guje-guje, inda ake bukatar fili da agogo da gasa a kai a kai, har yanzu ba mu taɓa ba.

Saboda haka tambayar da ta dame ni ita ce wane irin fili ne ya dace da ƙasa irin tamu, wanda zai rayu bayan an kwashe kujerun manyan baƙi. A fara da ciyawa. Filin ƙwallo murabba'in mita 7,140 ne. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In a tsakiyar bazara ciyawa tana son milimita 7 a yini, to lita kusan 50,000 ke nan kullum, jarka mai lita 25 har 2,000. A yankin da ruwan shekara ke kaiwa da komowa tsakanin milimita 300 da 400, inda mata ke tashi da asuba su bi layin famfo, makiyaya kuma ke jan guga da raƙumi daga rijiya mai zurfin gaba da yawa, babu shugaban makarantar da zai iya kare wannan a gaban jama'a. Ciyawar roba ba ta shan ruwa haka, kuma ita ce mafita a wurare da yawa na Sahel, amma tana da nata halin: da rana tsaka tana ɗaukar zafi har ta ƙona tafin ƙafa, ƙura tana cika ta in ba a share ta da inji, kuma bayan shekara 8 zuwa 10 sai an ɗaga ta an shimfiɗa sabuwa da kuɗin waje.

Jan daɓen roba na layukan tsere ma haka yake. Kamfanin 3M na Amurka ya fito da shi da sunan Tartan, kuma da fari don filin sukuwar dawaki aka yi shi, kafin 'yan tsere su karɓe shi. Olamfik ta 1968 a Meziko ita ce Olamfik ta farko da aka yi gudu a kansa, inda Jim Hines ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.95. Kafin nan yawancin tarihin da aka kafa a kan toka ko ƙasa ko ciyawa aka kafa shi. Robar tana son kwalta mai laushi a ƙarƙashinta da magudanar ruwa a gefe. In ruwan damina ya kwanta a ƙasanta sai ta kumbura, rana ta bi ta farfasa, yashi ya ci fuskarta. Jami'a irin ta Maraɗi ta cancanci guda ɗaya mai kyau, domin jaha mai yawan jama'a haka tana bukatar wurin da za a auna gudu hukumar duniya ta karɓa. Amma guda ɗayan nan ba zai yi amfani ba in babu ƙananan filaye a Dakoro da Tasawa da Mayahi da Madarumfa da za su riƙa turo masa yara.

Waɗannan ƙananan kuwa jar ƙasa ta ishe su, irin marmarar da ake zubawa a hanyar burji. Shaidar tana Kenya. A garin Iten, wani malami ɗan Ailan mai suna Colm O'Connell ya zo makarantar St. Patrick a 1976 don koyar da labarin ƙasa, ya ƙare yana horar da 'yan tsere. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai David Rudisha, wanda ya yi mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91 a Landan a 2012. Filin Kamariny da zakarun garin suka yi shekaru suna atisaye a kansa na ƙasa ne. Gaskiya ne Iten tana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, kuma wannan yana ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iska, abin da Dakoro ba ta da shi. Ba na cewa jar ƙasa za ta ba mu Rudisha. Abin da za ta ba mu shi ne sanin ko muna da shi, domin a yanzu ko yana nan babu mai iya shaidawa.

Aikin kuma bai fi ƙarfin gari ba. Ana neman wuri shimfiɗaɗɗe, a kafa turaku biyu tsakaninsu mita 84.39, tsawon filin ya bi kudu da arewa don kada rana ta shiga idon mai tsaron gida da yamma. A ɗaura igiya mai mita 36.5 a kowane turke a ja rabin da'ira, a haɗa bakunansu da miƙaƙƙun layuka. An sami bakin ciki ke nan. Sai a kwashe yashin sama, a zuba marmara, a yayyafa ruwa a daddaɓe, a ɗan karkatar da ita don ruwan sama ya gangare, a ja layuka da farar ƙasa. Layi 6 ma ya isa. Jami'ar Maraɗi tana da sashen koyar da aikin gine-gine da hanyoyi, tana da tsangayar aikin gona, tana da ta kiwon lafiya. Ɗaliban farko za su iya auna filin su daidaita shi a matsayin aikin ƙarshen karatu, na biyu su zaɓi itatuwan da za su tare iska da yashi ta gabas da arewa, na uku su duba zuciya da jinin yaran kafin a sake su tseren nesa, musamman a ƙasar da sikila da zazzaɓin cizon sauro suka yi yawa.

Abin da ya fi ginin wuya shi ne riƙo. Filin da ba shi da katanga ko shingen ƙaya, cikin wata uku ya zama hanyar amalanke da wurin koyon babur. Damina ɗaya ta isa ƙarangiya da tsidau su mamaye shi, kuma yaran da za su yi gudu a kansa yawancinsu ba takalmi. Dole a sami mutum ɗaya da aikinsa ke nan, mai albashi, mai riƙe da mabuɗi da tsintsiya da agogon auna gudu da littafin da yake rubuta suna da shekara da lokaci. Katangar tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba. 'Yan mata da yawa suna daina wasa da zarar sun fara girma, domin iyaye ba sa son a tsaya a bakin hanya ana kallonsu. Fili mai ƙofa, da sa'o'in da aka keɓe musu, da malama mace, yana sauya lissafin uwa. Tufafi kuma ba matsala ba ne: Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain ta ci tseren mita 200 a wasannin Asiya na 2006 da ɗankwalinta da dogon wando.

Sai lokacin gasa. Daga Maris zuwa Mayu zafi ba ya barin a yi tseren nesa sai da sanyin asuba, da damina kuma yara suna gona. Abin da ya rage shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da kokowa ke tashe. Maimakon a ga wannan a matsayin karo, ni gani nake dama ce: ranar da gunduma ke zaɓen 'yan kokowarta jama'a sun riga sun taru, makaɗa suna nan, hakimai da magadan gari suna nan. A sa tseren mita 100 da na 400 da na 1,500 da safe, na maza da na mata, kafin a shiga da'irar yashi da la'asar. Wanda ya yi na ɗaya da na biyu a kowane tsere a sa su mota ɗaya da 'yan kokowa zuwa Maraɗi, da takardar lokacinsu a hannun malaminsu.